Sashe na 702: Kunnen Gwamnatin Amurka a Kan Waya da Intanet

A 1978 Amurka ta kafa dokar FISA, wadda ke tsara yadda hukumominta ke leƙen asirin ƙasashen waje. Kafin nan, wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya bankaɗo yadda jami'an tsaro suka shafe shekaru suna bibiyar 'yan ƙasa, har da Martin Luther King. Dokar ta samar da kotu ta musamman mai zama a asirce, wadda sai da izininta ake sauraron wayar wanda ake zargi da yi wa ƙasashen waje aiki a cikin Amurka. Alƙalanta 11 ne yanzu, kuma Alƙalin Alƙalai ne ke naɗa su.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya sassauta wannan takunkumi. A 2008 aka ƙara wa dokar sashe na 702, wanda ya ba hukumar leƙen asiri ta NSA damar karɓar saƙonni daga kamfanoni irin su Google da Microsoft ba tare da takardar kotu a kan kowane mutum ba, muddin wanda ake nema baƙo ne kuma yana wajen Amurka. Tsarin aikin kawai kotu ke dubawa duk shekara, ba sunaye ba.

A nan gizo ke saƙar. Baƙon da ake bibiya yakan yi hulɗa da Amurkawa, sai maganarsu ta faɗa rumbu ɗaya da tasa. Daga baya jami'an FBI na iya laluben rumbun da sunan ɗan ƙasa. Masu suka na ganin ɓarauniyar hanya ce ta kauce wa gyara na huɗu na kundin tsarin mulki, wanda ya hana binciken mutum babu hujja. Hukumomi kuwa sun dage cewa jiran kotu zai ba 'yan ta'adda sarari.

Fallasar sirrin NSA da Edward Snowden ya yi a 2013 ta sa aka yi dokar 2015 da ta hana tara bayanan kiran wayar jama'a jimla, amma sashe na 702 ya tsira. A Afrilun 2024, yunƙurin wajabta takardar kotu kafin laluben rumbun da sunan ɗan ƙasa ya mutu a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 212 da 212, aka sabunta sashen na shekara biyu.

Duk wannan ja-in-ja a kan haƙƙin Amurkawa ake yi. Mai amfani da Gmail a Kano ko Damagaram, a idon wannan sashe, baƙo ne da ke waje.