Me Ya Sa Lambar NIN Ba Ta Fitowa Nan Take? Aikin Da Kwamfuta Ke Yi A Bayan Fage

Duk wanda ya taɓa zuwa rajistar katin ɗan ƙasa a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san yadda abin yake. A ɗauki hotonka, a ɗauki zanen yatsunka goma, a rubuta suna da ranar haihuwa, sannan a miƙo maka 'yar takarda mai lambar bibiya a ce ka dawo. Mutum ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ga hanya ba lafiya, dole ya tambaya: tunda kwamfuta ce, me ya hana ta ba ni lambata yanzu? Amsar ita ce, babban aikin sai bayan ka tashi daga kujera ake fara shi.

Layin kwanuka

Ka dubi injin niƙa. Yarinya ta kawo gero, ta ajiye kwanonta a layi, ta tafi wani aiken. Mai injin yana ɗaukar kwano ɗaya bayan ɗaya. Da a ce kowa sai ya tsaya an niƙa masa kafin a karɓi na bayansa, da wurin ya cushe.

Haka rumbun bayanan hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, da ire-irensa suke aiki. Na'urar cibiyar rajista karɓa kawai take yi, ta tura bayananka su shiga layi. A can babban rumbu akwai wasu manhajoji da aikinsu shi ne ɗaukar abin da ke layin suna sarrafawa, ba tare da kowa ya tsaya a kansu ba. Wannan shi masana kwamfuta ke kira aikin bayan fage.

Mafi nauyi a cikinsa shi ne tantance maimaici: a tabbatar ba ka taɓa yin rajista da wani suna ba. Wato sai an gwada yatsunka da na waɗanda suka riga ka, kuma masu NIN sun haura miliyan 100. Da a ce gwaji ɗaya yana cin daƙiƙa ɗaya, mutum guda sai ya jira fiye da shekara 3. Shi ya sa ake raba aikin wa injuna masu yawa, kowanne ya duba nasa kason a lokaci guda. Sai an gama wannan sannan lambar nan mai alƙaluma 11 ta fito.

Abubuwan da injiniya ke saitawa

Na farko, yawan masu ɗaukar aiki. In sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo. In sun yi yawa, su danne rumbun, har bankin da ke son tabbatar da NIN ɗin wani ya kasa samun amsa. Shi ya sa manyan ayyukan share-share akan bar su sai dare.

Na biyu, fifiko. Tambayar banki ko kamfanin waya tana buƙatar amsa nan take, gyaran adireshi kuwa zai iya jira. In aka zuba su a layi ɗaya, ƙaramin aiki sai ya maƙale a bayan babba.

Na uku, sake gwadawa. Wannan ya fi shafar mu a yammacin Zamfara, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Tsari mai kyau yakan adana bayanan a na'urar cibiya, in turawa ta ƙi, ya jira minti ɗaya, sai biyu, sai huɗu, yana ƙara tazara har hanya ta buɗe. Kuma dole a saita shi yadda in saƙo ɗaya ya isa sau biyu, ba za a ɗauke shi mutum biyu ba.

Na huɗu, ma'aunin kama. Kwamfuta ba ta cewa "shi ne" ko "ba shi ba ne" kai tsaye, maki take bayarwa. In aka sassauta ma'aunin da yawa, za a riƙa zargin mutane daban-daban da zama mutum ɗaya. In aka tsananta, masu rajista biyu su wuce. Manomin da fartanya ta cinye masa zanen yatsu, ko dattijuwar da fatarta ta bushe, su ne kan faɗa tsakiya. Irin wannan akan ware shi gefe, kamar kwanon da aka ga tsakuwa a ciki, sai ma'aikaci ya duba da idonsa. Nan ne kwanaki kan koma makonni.

Abin da ya shafe ka

Tun daga Disamban 2020 da aka wajabta haɗa NIN da layin waya, sannan JAMB ta sa shi cikin sharuɗɗanta a 2021, jinkirin nan na iya jawo wa mutum rufe layi ko rasa jarrabawa. Sai wasu su ce bari in je wata cibiyar in sake sabuwar rajista. To, wannan shi ne babban kuskure. Rajistarka ta biyu za ta ci karo da ta farko, a ware ta gefe, jiran ya ƙaru.

Mun ga misali a hukumar zaɓe. Bayan rajistar masu zaɓe da aka rufe a Yulin 2022, INEC ta tace sunaye da manhajar ABIS, ta soke kusan miliyan 2.8 daga cikin sababbin rajista miliyan 12.3, kuma rajista fiye da sau ɗaya na cikin manyan dalilan.

Saboda haka ka adana takardar bibiyarka, ka koma da ita inda ka yi rajista a duba maka. In kuma ka taɓa samun lambar ka manta, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi. Ɗalibi mai shirin JAMB kuwa ya yi rajistarsa watanni kafin lokaci, domin in kwanonsa ya faɗa cikin waɗanda aka ware, ya samu sararin jira.