Dalma a Cikin Kwalli

'Yan'uwa, kwallin dutse mai ƙyalli da mukan sayo a Kasuwar Kurmi, cikin birnin Kano, dutsen dalma ne. A bayan ƙwayar ido akwai tantani wanda, in haske ya taɓa shi, yakan aika motsin lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Da haka muke gani. Masana sun ba jariran ɓeraye dalma, suka auna wannan motsi, suka tarar ya raunana, musamman na ganin magariba.

Ta jini take kaiwa can: yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa, shi ke nan. A 2011, a Amurka, an gwada kwallin jaririn waɗansu 'yan Nijeriya, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Kada mu sa wa jarirai, ko ranar suna.