Shir Kurma: Abincin Safiyar Salla a Indiya

Musulmin Indiya da Pakistan kan tarbi safiyar ƙaramar salla da shir kurma, wato "madara da dabino" a harshen Farisa. Mu ma haɗa shi ba zai gagare mu ba.

Uwargida ta soya siririyar taliya giram 60 cikin man shanu cokali 2 har ta yi ja. Ta zuba madara lita 1, sukari cokali 4, da busasshen dabino 7 da aka jiƙa aka yayyanka. Ta rage wuta, ta riƙa juyawa tsawon minti 15, domin madara tana saurin kamawa a gindin tukunya.

Sunna ce mu ci wani abu kafin fita idi. Wajen rabo kuma, kada mu manta da maƙwabta marasa hali. Allah ya maimaita mana.