Idan ƙwaƙwalwar sabar ta cika: shin aron wuri a faifai mafita ce?

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, makarantu da cibiyoyin koyon kwamfuta a garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, a yammacin jihar Kano, suka shiga shirya wa ɗalibai jarrabawar gwaji.

Irin wannan aiki kan dogara ne kan babbar kwamfuta guda, wato sabar, wadda ke rarraba tambayoyi ga sauran kwamfutocin ɗakin. Idan ɗalibai suka yi mata yawa a lokaci guda, ƙwaƙwalwar aikinta, wadda ake kira RAM, takan cika.

A nan ne masu kula da na'urorin kan fuskanci wata tsohuwar tambaya: a ware wa sabar wani yanki na faifan ajiya domin ta riƙa juye abin da ya yi mata yawa, ko kuwa a bar ta haka?

Tebur da sito

Dabarar ta yi kama da ta ɗan kasuwa mai ƙaramin tebur. Kayan da ake yawan nema suna gabansa, waɗanda suka kwana biyu ba a tambaya ba kuwa sai ya kai sito.

Ba sabuwar dabara ba ce. Kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester da ke Ingila ta yi aiki da ita tun 1962, kuma har yanzu Linux da Windows suna amfani da ita.

Sai dai sito yana da nisa. Ɗauko bayani daga tsohon faifai mai juyawa kan ɗauki lokaci kusan ninki dubu 100 na ɗauko shi daga RAM. Faifan SSD ya fi sauri ƙwarai, amma shi ma bai kama ƙafar RAM ba.

Matuƙar abin da aka kai faifai ba a bukatarsa nan kusa, babu wanda zai lura. Matsala na tasowa ne idan abin da ɗalibai ke amfani da shi a daidai lokacin ya fi ƙarfin RAM. Sabar sai ta koma kai da kawo tsakanin tebur da sito: ba ta mutu ba, ba ta kuma yi aiki ba. Ɗalibi zai danna amsa ya zauna yana kallon allo, lokacinsa na tafiya.

Rashin wurin ma haɗari ne

Wannan ne ya sa wasu ke cewa gara a cire shi baki ɗaya. To amma a Linux, idan RAM ta ƙare kuma babu inda za a juye, tsarin kan zaɓi wata manhaja ya kashe, galibi wadda ta fi cin wuri. A cibiyar jarrabawa, wannan na iya zama rumbun da ke riƙe da amsoshin ɗalibai.

A 2018 wani injiniyan kamfanin Facebook, Chris Down, ya rubuta maƙalar da ta yi fice yana kare dabarar. Hujjarsa ita ce, ba don ranar gaggawa aka yi ta ba, amfaninta shi ne kawar da abin da ke kwance domin RAM ta yi aikin da ya fi muhimmanci.

Ke nan ware gigabait kaɗan abu ne mai kyau, musamman a kan SSD. Tsohuwar ƙa'idar nan ta ware ninki biyu na girman RAM kuwa ta zamanin ƙananan kwamfutoci ce. Akwai kuma zram, wadda ke matse bayanai a cikin RAM ɗin kanta maimakon kai su faifai, kuma Fedora ta mayar da ita tsarinta na asali a 2020.

Idan kuma kullum sabar na cikin juye-juye, to ko dai wata manhaja ce ke riƙe wuri ba ta saki, ko kuma RAM ɗin ce ta yi kaɗan. Na farko gyara yake bukata. Na biyu kuwa sai an kama hanyar Kano an sayo ƙari, ko da yake farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya a ƙarshen 2025, saboda yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta wawure ta.

Cibiyar da ba ta da halin saye a yanzu na iya raba ɗalibanta rukuni-rukuni, kowane rukuni da lokacinsa.