Siffar Maiƙon da ke Riƙe da Ƙwayar Jini

 A shekarar 1925, a birnin Leiden na ƙasar Holan, masana biyu, Gorter da Grendel, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa. Sai suka ga ya rufe fili ninki biyu na faɗin ƙwayoyin. Daga nan suka ce tantanin da ke lulluɓe ƙwayar halitta rufi biyu ne.

Wannan maiƙo shi ake kira fosfolifid, kuma akwai shi da yawa a gwaiduwar ƙwai, inda Bafaranshe Gobley ya fara ware shi a ƙarni na 19. Kowane ɗaya daga cikinsa yana da kai guda mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudunsa. Idan suka faɗa ruwa, kawunan su fuskanci waje, wutsiyoyin su ɓuya a tsakiya, babu mai tsara su. Kaurin tantanin bai wuce nanomita 5 ba.

Siffar ce ke yanke komai. Wanda faɗin kansa ya yi daidai da na wutsiyoyinsa, yana jeruwa kamar bulo a gini, tantani ya miƙe sumul. Mai ƙaramin kai kuwa yakan tilasta wa tantanin lanƙwasa, abin da ƙwaya ke buƙata in za ta rabu biyu ko ta haɗiye wani abu. Wutsiya mai lanƙwasa tana hana cunkushewa, shi ya sa tantanin ba ya daskarewa. Irin wannan lanƙwasar ce ke sa man riɗi ya zauna ruwa-ruwa da sanyi alhali man shanu ya sandare.

Manomi ya kamata ya san sauran labarin. Dafin gamsheƙa, da na kudan zuma ma, yana ɗauke da wani sinadari mai yanke wutsiya ɗaya daga cikin biyun. Abin da ya rage sai ya zama mai faɗin kai da tsinin ƙasa, wanda ba ya jeruwa a rufi biyu, sai dai ya dunƙule. Tantanin ya yage, ƙwayar ta fashe, nama ya kumbura ya soma ruɓewa. Wannan yana daga cikin dalilan da saran gamsheƙa kan bar mummunan gyambo.

Tsaga wurin da reza ko ɗaure shi tamau ƙara ɓarna yake yi. Wanda maciji ya sara a gona, a hana shi yawan motsa gaɓar, a garzaya da shi asibiti inda ake da allurar kashe dafi.