Sabo A Kwali, Shekara 35: Me Ke Tsufar Da Babur Ɗin Da Ba A Taɓa Hawa Ba?

Duk yaron da ya tashi a Achilafiya ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san ranar da ake kawo wa wani sabon babur. Mota ce za ta sauke shi a cikin kwali, yawanci daga Kano, a ja shi gindin bishiyar bakanike. Ya yanka igiyoyi, ya fito da tayar gaba daban, hannu daban, madubai a naɗe cikin leda, ga batir a bushe da gorar ruwansa a gefe. Yara sun yi da'ira suna jiran a bar musu kwalin. Kafin la'asar an ɗaure kowane noti, an zuba bakin mai da fetur, an buga kik, ya ɗauka. Mai shi kuwa zai yi wata guda bai yarda an cire ledar kujera ba.

To a ce ba a buɗe kwalin nan ba. An tura shi lungun shago, an ɗora wasu kaya a kai, an manta da shi shekara 35. In aka buɗe, zai tashi?

Ba tatsuniya ba ce, an taɓa yi. A shekarar 2010 aka yi gwanjon kayan wani tsohon shagon babura mai suna Motoshop Podevyn a garin Aalst na ƙasar Beljiyam. Cikin kayan aka tarar da babura 11 ƙirar Norton Commando na 1975, 'yan Ingila, a akwatunansu yadda kamfani ya aiko su. Ba ƙananan babura ba ne. Injin kowane ɗaya yana da girman cc 828, ga silinda biyu, alhali Boxer ɗin da ke dakon buhunan gero a hanyar Kazaure zuwa Daura cc 100 ne da silinda ɗaya. An daina ƙera wannan samfurin tun 1977, shi ya sa masu tara tsofaffin babura suka yi ca a kan gwanjon. In sunan Norton baƙo ne a kunnenka, sunan mai shi na yanzu ba baƙo ba ne: a watan Afrilu na 2020 kamfanin TVS na Indiya, wanda baburansa da kekunan adaidaita-sahunsa suka cika titunanmu, ya saye Norton a kan fam miliyan 16.

Wasu sababbin baburan ba su yi wannan sa'ar ba. A ranar 6 ga Oktoba 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suka nutsar da wani jirgin ruwan Birtaniya mai suna Thistlegorm a Bahar Maliya, kusa da gaɓar Masar. Yana ɗauke da kayan soja, har da baburan BSA da Norton da ba a taɓa hawa ba. Suna nan a jere a cikinsa har yau, masu ninƙaya na nitsawa kimanin mita 30 don su gan su. Waɗannan kam sai kallo.

Tsufa ba sai da tafiya ba

Abin da ke rikita mutane shi ne, agogon babur ɗin cikin akwati yana nuna bai yi tafiya ba, fentinsa na ƙyalli, amma rabin jikinsa ya tsufa. Dalilin yana cikin littafin kemistiri ɗinka.

Fara da roba. Taya, tib, tiyon mai, da zobban robar da ke hana bakin mai zuba, duk iskar oksijin da ozon da ke cikin iskar da muke shaƙa suna cin su a hankali, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Robar ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Tayar da ta shekara 35 a kwali zanenta na nan cif, amma ba ta riƙe kwalta, tana iya fashewa ana tsakar gudu. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawarar kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 10 da ƙerawa, komai kyawunta a ido. Ga abin da za ka iya gwadawa yau a kan babur ɗin gidanku: a gefen yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. In lambobin uku ne, to ta girmi shekarar 2000, wato ta girme ka.

Sai batir. Na cikin kwali ana aiko shi a bushe ne da gangan, domin da zarar an zuba masa ruwan asid ya fara rayuwa, ya kuma fara mutuwa. Batir ɗin da aka bari ba caji, wani farin gishiri mai suna lead sulphate yakan daskare a kan farantan cikinsa, ya ƙi narkewa ko an mayar da shi caji. Fetur ma ba ya jira. Sassansa marasa nauyi su suke fara bin iska, abin da ya rage ya koma wani danƙo ja mai wari. Ƙaramin jet ɗin kabureta kuwa raminsa bai kai rabin milimita ba, ɗigo ɗaya na danƙon nan ya isa ya toshe shi.

Tsatsa ita ce ta fi wayo. Ƙarfe, iska da danshi kawai take buƙata. Tankin da ba a cike yake ba yana shaƙar iska. Da rana ta yi zafi, da dare sanyi ya sauko, raɓa ta taru a bangonsa ta ciki. Haka ake yi a cikin silinda: man da kamfani ya shafa ya gangara ya bushe, ringin fistin ya manne da bango. Nan ne mai gaggawa yake yin asara. Ya hau ya taka kik da ƙarfinsa duka, ringi ya karye, ya kankare bangon silinda, injin da bai taɓa tafiya ba ya lalace a bugu ɗaya.

Masu sayen irin waɗannan babura a Turai da Amurka sun rabu biyu. Wasu ba sa ma buɗe akwatin, domin darajarsa a wurinsu ita ce ba a taɓa shi ba, ranar da aka zuba masa mai ya zama kamar sauran. Wasu kuma suna cewa an yi babur ne don a hau. Ni ina tare da na biyun, ko da yake na san da a ce kuɗina ne a ciki, wataƙila bakina ya sauya.

Namu akwatin yana zaure

Da wuya ka samu Norton a kwali a Roni ko Gwiwa. Gara ma ba za ta bar katako ya kai shekara 35 ba. Amma muna da danginsa. Leƙa zaurukan tsofaffin malaman makaranta, ma'aikatan gona da na asibiti, ko bayan rumbu inda aka jingine wani abu aka lulluɓe da tsohuwar tabarma. Za ka tarar da Vespa, ko Honda Benly, ko Suzuki, ko Yamaha, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. (A Babura ma haka, kada a ce garin da ke da sunan abin an bar shi a baya.)

Da yawansu sun shigo ne a shekarun 1970 da 1980. Bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas, kuɗi suka zo wa mutane a dunƙule, aka shiga sayen rediyo, keke da babur. A 1979 kamfanin Honda ya kafa reshensa na Najeriya, wanda ke haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun. In ka ga lambar babur ta fara da KN, to shaida ce ta zamanin da ƙasar Kazaure ke cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991.

Vespa kuwa 'yar Italiya ce. Kamfanin Piaggio ya fito da ita a 1946, injiniyan jiragen sama Corradino D'Ascanio ne ya tsara ta, kuma sunan yana nufin rina ko zanzaro. Ya rufe injin, ya bar fili a gaba, abin da ya sa mai babbar riga ke hawa ya sauka ba tare da mai ya ɓata masa tufa ba. Ba mamaki da dattawanmu suka so ta.

Waɗannan su ne ke ƙarewa yanzu. Ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa, a auna babur ɗin kaka da kilo kamar tsohuwar tukunya, a karɓi abin da ba zai wuce cefanen 'yan kwanaki ba. Sau da yawa matasan gidan ne ma ke kiran sa. Alhali busasshiyar iskarmu, duk da tana kashe roba, tana tausaya wa ƙarfe fiye da danshin bakin teku. Babur ɗin da ya kwana a inuwa, ruwan damina bai doke shi ba, akasari ƙashinsa da injinsa lafiya lau suke.

In za ku tayar da shi

Da farko a nemi izinin mai shi ko magadansa, a kuma nemo rasit da takardu, don kada ranar fita ta farko ta ƙare a ofishin 'yan sanda. Sannan a samu bakanike dattijo wanda ya yi zamani da irin injin, a zauna a gabansa a matsayin ɗalibi. Kafin a kwance komai a ɗauki hoto da waya, kowane noti a sa shi a gwangwaninsa.

Kada a taɓa kik. A cire fulogi, a zuba kamar cokali ɗaya na bakin mai ta ramin, a bar shi ya kwana, ko ya yi kwana biyu. Sannan a ɗaga tayar baya, a sa babbar giya, a juya tayar da hannu a hankali. In fistin ya motsa, an ci rabin yaƙi. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri, in ya ci tura a buɗe kan injin. Bayan haka a tsiyaye tsohon bakin mai. A cire tanki a leƙa da tocila; in akwai tsatsa, a zuba kananzir da 'yan notuna a girgiza, ko a jiƙa shi da ruwan khal, a ɗauraye, a busar sosai. A kwance kabureta a wanke, a hura jet da iska, kada a soka masa allura don ramin zai buɗe. Tiyon mai, tib da tayoyi duk sababbi. A duba soson iska, yakan ruɓe ya zama gari. A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya saboda ɓeraye, a kuma leƙa salansa, don zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki.

Vespa da ire-iren Suzuki da Yamaha na da, masu fitar da shuɗin hayaƙi, injinsu mai bugu biyu ne, yana ƙona mai tare da fetur. Wasu suna da tankin man daban, wasu kuma da hannu ake haɗawa. Yawancin Vespa kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita. In aka manta, injin zai kama. Robobin da ke gefen karanshaf ɗinsu ma in sun bushe iska na shiga, injin ya yi zafi fiye da kima, don haka a sauya su tun kafin a fita.

Abu biyu ba wasa a cikinsu. Ba a wanke kaya da fetur kusa da murhu ko mai shan taba. Ba a kuma tayar da inji a cikin ɗaki ko rufaffen zaure, domin hayaƙinsa ɗaya ne da na janareta: akwai carbon monoxide a ciki, ba launi ba wari, yana kisa. Birki kuwa a gwada shi ana tura babur da ƙafa, tun kafin injin ya yi magana.

Wanda ya bi aikin nan daga farko zuwa ƙarshe ya taɓa konewar mai, lantarki, maganaɗisu da tsatsa da hannunsa, abubuwan da zai sake haɗuwa da su a takardar WAEC da NECO, ko a ajin injiniya in ya samu shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku na iya ɗaukar babur ɗaya a matsayin aikin zango guda, kowane aji da sashensa.

Ranar da za a buga kik na farko, a fito da shi fili, a kira mai shi in yana raye, a ba shi kujera a inuwa. Kada a murɗa wuta. In ya ɗauka, a bar shi ya yi ta bugawa a hankali na 'yan mintoci, ana duba ƙasa ko mai na ɗiga, sannan a kashe, a bari ya huce, a sake bin notuna da sifana.