“Zamna” ko “Zauna”: Ƙwaƙwalwa Ce Ke Tsara Furuci Ko Tarihi?

Basakkwace kan ce “zamna” da “amre”, Bakano kuwa ya ce “zauna” da “aure”. Wannan ɗan bambanci ya taɓo muhawarar da ta raba kan masana harshe.

A ƙarshen shekarun 1920, Bajamushe August Klingenheben ya nuna cewa wasu baƙaƙen Hausa kan raunana a ƙarshen gaɓa. Shi ya sa “talaka” ya haifi “talauci”: “k” ta koma “u”.

Me ya jawo haka? A 1993, Alan Prince da Paul Smolensky sun ce an haifi ɗan Adam da ƙa'idojin furuci iri ɗaya, sai dai kowane harshe da wadda yake fifitawa. Juliette Blevins kuwa, a littafinta na 2004, ta ɗora alhakin a kan tarihi: baƙin ƙarshen gaɓa ba ya fita sosai, kunne ya ji shi daban, 'ya'ya su gaji abin da suka ji.

Kowane ɓangare aka bi, “zamna” ce tsohuwar siga. Malamin da ya ce wa ɗalibi Basakkwace ya karya Hausa, tsohon furucinta yake kira kuskure.